Kofin da ba shi da mai shi: yadda dokar NCAA ke goge nasarorin koci

A daren 8 ga Afrilu, 2013, a birnin Atlanta na Amurka, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Louisville ta doke ta Michigan da ci 82 da 76, ta ɗauki kofin jami'o'i na ƙasa. Sama da mutum 70,000 suka kalli wasan ido da ido, miliyoyi kuma a talabijin. Amma yau idan ka buɗe kundin hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ka nemi zakaran 2013, babu shi. An sauko da ƙyallen tunawa da nasarar daga rufin zauren wasan Louisville, an kuma zare wasanni 123 daga tarihin jami'ar, wanda ya taɓa lissafin kocinta Rick Pitino. Wannan ne karo na farko da aka taɓa soke kofin ƙwallon kwando na maza a rukunin farko, wato matakin ƙoli na gasar jami'o'i.

Shi ya sa wasu manyan kociyoyin ke da lissafi biyu: wanda suka ci a fili, da wanda hukuma ta yarda da shi. Ƙa'idoji uku ne ke haifar da wannan, kuma ana yawan cakuɗa su.

Kafin su, a san cewa NCAA ba hukumar gwamnati ba ce. Ƙungiya ce da jami'o'i suka shiga da kansu, hedkwatarta na Indianapolis, kuma ba ta da ikon tilasta wa kowa ya zo ya ba da shaida kamar kotu. Jerry Tarkanian, kocin Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, ya kai ta ƙara yana cewa an hukunta shi ba tare da bin hakkin da tsarin mulki ya ba shi ba. A 1988 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce NCAA ba ɓangaren gwamnati ba ce, don haka wancan sharaɗin bai hau kanta ba. Tun daga nan makaminta shi ne matsa wa jami'a, jami'a kuma ta matsa wa ma'aikacinta.

Ƙa'ida ta farko ita ce ta soke nasara. Tushenta mai sauƙi ne: idan ɗan wasan da bai cancanta ba ya taka fili, kwamitin ladabtarwa na iya goge duk wasan da aka ci da shi. Rashin cancantar kan zo ta hanyar karɓar kuɗi ko kyauta da doka ta hana, maguɗin karatu, ko matsala a sakamakon jarrabawar shiga jami'a. Abin da ke rikita mutane shi ne, ba a miƙa nasarar ga wanda aka doke. Michigan ba ta zama zakarar 2013 ba, kayen da ta sha na nan a rubuce. Wanda ya ci ne kawai aka ce bai ci ba. Wato an yi wasa, akwai wanda ya faɗi, babu wanda ya kayar da shi.

Aikin gogewar kuma ba na baki ba ne. Dole jami'a ta gyara littattafan da take raba wa 'yan jarida, da shafinta na intanet, da takardun da take nuna wa yaran da take zawarci. Ta cire ƙyalle da duk wata alama ta bainar jama'a, ta mayar da kofi. Wani lokaci har da kuɗi: Louisville ta mayar da kusan dala 600,000 na rabon da ta samu daga gasar. Kuma abin na bin koci duk inda ya koma, domin sabuwar jami'ar da ta ɗauke shi ba ta da damar lissafa masa wasannin da aka soke lokacin da take tallata tarihinsa.

Ba sai an kama kocin da laifi ba kafin hakan ta same shi. John Calipari shi ne misali mafi fitowa fili. Ya kai Jami'ar Massachusetts zagayen huɗun ƙarshe a 1996, aka soke saboda ɗan wasanta Marcus Camby ya karɓi kuɗi da kyaututtuka daga dillalan 'yan wasa. Ya kai Memphis wasan ƙarshe a 2008 da nasara 38 a kaka guda, aka goge dukansu bayan da hukumar shirya jarrabawa ta soke sakamakon ɗan wasanta Derrick Rose na shiga jami'a. A duka biyun ba a tuhumi Calipari da kansa ba. Memphis ta yi ƙorafin cewa ai ofishin tantancewa na NCAA ne ya wanke yaron tun farko ya ce ya buga. Aka ce mata wannan ba hujja ba ce, tunda sakamakon ya rushe, cancantar ta rushe tun daga ranar farko. Hukunci ne mai tsauri, kuma da wuya a kira shi adalci ga sauran yaran ƙungiyar.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta alhakin babban koci, sashe na 11.1.1.1 a kundin rukunin farko. An samar da ita ne saboda wata tsohuwar dabara: mataimaki ya yi aikin datti, in asiri ya tonu a sallame shi, maigida ya ɗaga hannu ya ce shi bai sani ba. Dokar ta ce babban koci ne ke da alhakin abin da duk wani ma'aikacin da ke ƙarƙashinsa ya yi, ko kai tsaye yake amsa umarninsa ko ta hannun wani. Ta ɗora masa aiki biyu, ya shimfiɗa al'adar bin doka a ƙungiya, ya kuma sa ido a kan mutanensa.

Har zuwa ƙarshen 2022 wannan alhakin zato ne da koci zai iya kauda shi. Hanyar kuwa takardu ce. Kwamiti ba ya sauraron "na sha gaya musu su bi doka". Yana tambaya ne: ina rubutaccen bayanin taron da ka yi da mataimakanka a kan dokokin zawarcin 'yan wasa? Da yaro ya zo ziyarar gani da ido, wa ya biya kuɗin jirgin mahaifinsa, ka tambaya? Da ka ga ɗan wasanka da sabuwar mota, ka kai maganar ofishin bin doka na jami'a ko ka kau da kai? Kocin da ya ji ƙishin-ƙishin ya yi shiru, ya riga ya faɗi.

Nan Pitino ya maƙale. Wani jami'in gudanarwa na ƙungiyar, Andre McGee, ya riƙa kawo mata masu rawar tsiraici ɗakin kwanan 'yan wasa tsakanin 2010 da 2014, don nishaɗantar da 'yan wasa da yaran da ake son su zaɓi Louisville. Pitino ya rantse bai da labari, kwamitin ma bai ce ya sani ba. Abin da ya ce shi ne, kai ka ɗauki mutumin, kai ka ajiye shi a ginin, ka miƙa masa ragamar baƙi sannan ba ka bi sawu ba. A watan Yunin 2017 aka dakatar da shi wasanni 5, McGee kuma aka yi masa takunkumin shekara 10. Pitino bai ma kai ga yin dakatarwar a Louisville ba, domin a watan Oktoba na shekarar jami'ar ta kore shi kan wata badaƙala dabam da binciken FBI ya bankaɗo. Ɗaukaka ƙarar jami'ar ta faɗi a Fabrairun 2018.

Daga 1 ga Janairu, 2023, an toshe ƙofar gaba ɗaya. Yanzu idan ma'aikaci ya aikata babban laifi, na mataki na ɗaya ko na biyu, babban koci ya ɗauka kenan, babu batun kauda zato. Takardunsa na sa ido ba su zama banza ba, amma amfaninsu ya koma wajen rage nauyin hukunci kawai. Dakatarwa kuwa tana da haƙora: ba ya zama a benci, ba ya shiga zauren wasa, ba ya magana da mataimaka ko 'yan wasa a lokacin da aka ƙayyade, kuma wasannin da aka ci ba ya nan ba sa shiga lissafinsa. Jim Boeheim ya ɗanɗana duka biyun. Ya yi kaka 47 yana jan Syracuse, ya ci kofi a 2003 da Carmelo Anthony, amma hukuncin 2015 ya dakatar da shi wasanni 9, aka kuma goge masa nasara 101. Ya yi ritaya a 2023 da 1,015 a kundin hukuma, alhali a fili ya ci 1,116.

Ta uku ita ce wadda kociyoyi suka fi tsoro, umarnin kawo hujja. Da yawa na ɗauka haramcin aiki ne. Ba haka ba ne a rubuce. Abin da yake cewa shi ne, tsawon wa'adin da aka yanka, duk jami'ar da ta ɗauki wannan mutum dole ta aiwatar da takunkumin da ke kansa, ko ta bayyana gaban kwamiti ta kawo hujjar da za ta sa a ɗage. An yi shi ne don kada koci ya ɓata wuri ya tsallaka gaba ya bar jami'a da jinya. A aikace kuwa, shugaban jami'a kaɗan ne ke son sayen rigima da kuɗinsa, don haka yawanci wayar kocin takan daina ƙara.

Kelvin Sampson ya yi kiran waya sama da 500 da doka ta hana ga yaran da yake zawarci lokacin yana Oklahoma. Ya koma Indiana a 2006 da takunkumi a kansa, aka sake samun irin laifin, ya ajiye aiki a Fabrairun 2008, aka yi masa takunkumin shekara 5. Ya tafi NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, ya yi mataimaki a Milwaukee da Houston. Abin dariyar shi ne, tun wa'adinsa bai cika ba, a 2012, NCAA ta sassauta dokar kiran wayar da ta ci shi. Jami'ar Houston, inda Hakeem Olajuwon ya yi tashe, ta ɗauke shi a 2014, ya kai ta huɗun ƙarshe a 2021, da wasan ƙarshe a 2025 inda Florida ta doke su 65 da 63.

Na Bruce Pearl, kocin Tennessee a lokacin, ya fi koyar da darasi a kan abin da ke mayar da ƙaramin laifi babba. Ya gayyaci yaran sakandare gashin nama a gidansa a 2008, abin da doka ta hana a matakin karatunsu. Laifi ne da za a iya kashe shi da ɗan gargaɗi. Da masu bincike suka nuna masa hoton da aka ɗauka a wurin, sai ya ce bai gane inda aka ɗauka ba, alhali gidansa ne. Ƙaryar ce ta jawo masa kora daga Tennessee a 2011 da takunkumin shekara 3. Auburn ta ɗauke shi a Maris 2014 saura 'yan watanni wa'adin ya ƙare, ta haƙura da cewa ba zai iya zawarcin yara ba sai watan Agusta.

Shari'ar kanta tana tafiyar hawainiya. Masu bincike su sanar da jami'a, su tattara shaida, su aika takardar tuhuma, a ba da kwana 90 na amsa, a zauna gaban kwamiti, sannan a ɗaukaka ƙara. Kafin a gama, yaran da suka yi laifin sun daɗe da barin makaranta. Kansas sai a 2023 aka goge mata nasara 15 na kakar 2017 zuwa 2018, har da zuwanta huɗun ƙarshe ƙarƙashin kocinta Bill Self. Ga shi kuma ƙasa ta juya: tun 1 ga Yuli, 2021, ɗan wasan jami'a na iya cin kuɗi da sunansa da hotonsa, daga 2025 kuma jami'o'i na biyan 'yan wasa kai tsaye. Wannan bai dawo wa kowa da nasarar da aka riga aka goge ba.

'Yan wasan da ba su da hannu su ne suka fi cutuwa, kuma biyar daga cikin na Louisville, ciki har da Gorgui Dieng ɗan Senegal da Luke Hancock, sun maka NCAA a kotu. An sasanta a 2019: hukumar ta tabbatar cewa ba a same su da laifi ba, ta kuma amince Hancock ne gwarzon ɗan wasan zagayen ƙarshe na 2013. Kofin dai ba a mayar ba. Pitino, wanda ya je Girka ya horar da Panathinaikos kafin ya dawo Amurka ta Jami'ar Iona a 2020 ya wuce ta St. John's a 2023, a kundin NCAA kofi ɗaya yake da shi, na Kentucky a 1996.