Renon Yara a Gida a Ingila: Ga Amsoshin Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini

Ba a mako ba wata 'yar'uwa ta kira ni daga Birmingham ko Manchester ko Leicester tana tambayar yadda ake rajistar sana'ar renon yara a gida ba, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Na tattara su a nan. Duk abin da zan faɗa dokar Ingila ce. Mazauna Scotland su nemi Care Inspectorate, Wales da Ireland ta Arewa ma kowacce da nata tsarin.

Dole ne sai na yi rajista?

Idan za ki kula da yara 'yan ƙasa da shekara 8 a gidanki, fiye da awa 2 a rana, kuma ana biyan ki, dole ne. Ko dai da Ofsted, hukumar gwamnati mai sa ido kan makarantu da wuraren renon yara, kai tsaye, ko ta wata hukumar masu reno da Ofsted ta amince da ita. Yin aikin ba rajista laifi ne da ke kai mutum kotu.

Yara nawa zan iya ɗauka?

Shida 'yan ƙasa da shekara 8. A cikinsu uku ne kawai za su zama ƙananan da ba su isa makaranta ba, jariri ɗan ƙasa da shekara 1 kuma guda ɗaya. 'Ya'yan cikinki ma suna cikin lissafin. Wannan ne mata suke mantawa, sai su gama lissafin riba a kan yara uku alhali suna da goyo da mai bi masa a gida. Akwai sassauci a kan tagwaye da 'yan uwa ciki ɗaya, amma kada ki gina sana'arki a kansa.

Maigida ya ce shi ba ruwansa, ba zai yi binciken DBS ba.

To babu rajista. Duk wanda ya kai shekara 16 kuma yake zaune a gidan sai an yi masa binciken DBS, wato a duba ko yana da tarihin aikata laifi, ko mijinki ne, ko ɗanki, ko ƙanin miji da ya zo karatu. Ku zauna ki yi masa bayani cikin natsuwa, ba zarginsa ake yi ba. Ke ma za ki so a bincika mutanen gidan da za ki bar ɗanki ɗan wata tara a cikinsa. Wanda ya zauna a wata ƙasa cikin shekara 5 da suka wuce kuma sai ya kawo takardar shaidar kyawun hali daga can. Ga 'yan Najeriya, ita ce wadda 'yan sanda suke bayarwa. Ki fara neman ta tun yau, don ita ce take riƙe mutane.

Ina riƙe wa ƙawata yaranta in ta tafi aiki, tana ba ni ɗan wani abu. Ni ma sai na yi rajista?

A nan ne nake so ki natsu, don amsar ba ɗaya ba ce, kuma yawancinmu a wannan hali muke. Ta tafi aikin kula da tsofaffi tun asuba, ba ta da kowa a garin sai ke, ke kuma ba za ki iya cewa a'a ba. Na fahimta.

Da farko, dangi. Kaka, goggo, inna, kawu, baffa, yaya ko ƙane na yaron ba sa buƙatar rajista don kula da shi. Amma dangantakar jini ko ta aure doka take nufi. Don yaran suna ce miki Anti, ko don garinku ɗaya a Katsina, hakan bai sa ki cikin wannan rukuni ba.

Na biyu, ƙawance. A shekarar 2009 an yi rikici a kan wasu mata biyu 'yan sanda da suke karɓa-karɓa wajen kula da yaran juna, Ofsted ta ce musu sai sun yi rajista. Surutun da ya biyo baya ya sa aka gyara dokar a 2010. Yanzu idan ƙawarki ce kuma ba biya a tsakani, ko kuna rama wa juna ne, ba kya buƙatar rajista. Matsalar tana wurin "ɗan wani abu". Biya a idon doka ya haɗa da kuɗi da abin da ya tsaya a madadin kuɗi. Idan duk ƙarshen mako tana tura miki fam 60, wannan biya ne ko da kun kira shi kuɗin sabulu. Idan tana biya miki kuɗin wuta ko tana yi miki cefanen gida a kai a kai saboda renon, shi ma yana iya shiga. Turmin atamfa da ta kawo miki da Sallah, wannan kyauta ce. Tsakanin waɗannan biyun akwai wuraren da sai an duba yawan abin da kuma ko ya zama ƙa'ida a tsakaninku. An kuma yi wa ƙawaye rangwame: idan renon bai wuce awa 3 a rana ba, ana iya karɓar biya ba tare da rajista ba. Amma aikin da ake fita tun safe a dawo da magariba ya wuce nan nesa.

Na uku, wurin da ake renon. Idan ke ce kike zuwa gidan iyayen yaran, hukuncin ya sauya, rajistar ba tilas ba ce. Sai dai a nan ita ƙawar taki tana iya zama mai ɗaukar ma'aikaciya, da nauyin haraji da mafi ƙarancin albashi a kanta.

Shawarata, idan abin ya zama kullum, yini guda, kuma da kuɗi, ki yi rajista. Ranar da yaro ya faɗo daga bene a gidanki aka kai shi asibiti, za a tambayi wa yake kula da shi kuma a wane matsayi, kuma ba ki da inshorar da za ta tsaya miki. Ita ma uwar tana asara, domin tallafin gwamnati ba ya zuwa sai ga mai rajista: awa 30 na reno a mako da gwamnati take biya wa iyaye ma'aikata daga lokacin da yaro ya kai wata 9, tun Satumbar 2025, da tsarin da gwamnati take ƙara fam 2 a kan kowane fam 8 da iyaye suka saka. Wasu bizoji ba sa ba da damar waɗannan, amma awa 15 na 'yan shekara 3 da 4 na kowane yaro ne. Idan yanayinki yana kan iyaka, ki rubuta wa Ofsted ki bayyana shi yadda yake, ki adana amsar.

Nawa zan kashe?

Kuɗin Ofsted fam 35 ne a shekara ga mai renon ƙananan yara. Sauran su ne masu nauyi: DBS na kowa a gidan, kwas ɗin taimakon gaggawa na yara na awa 12 da ake sabuntawa duk shekara 3, horon kare yara daga cutarwa, fom ɗin lafiya da likitanki zai cike ya caje ki, inshora, da ƙofofin tare bene da makullan kabad. Rajistar tana iya kai mako 12. Kada ki karɓi kuɗin kowa kafin takardar ta fito.

Bizata ta yarda?

Mai reno a gida mai zaman kanta ce. Bizar ɗalibi ta haramta wannan. Matar da ta zo a ƙarƙashin bizar aikin mijinta galibi tana da dama. Ki karanta sharuɗɗan taki da idonki, ki bar dogaro da abin da aka faɗa a zauren WhatsApp.

Gidan haya nake.

Ki nemi izinin mai gida a rubuce kafin ki kashe ko kwabo. Yarjejeniyoyin haya da yawa sun hana sana'a a gida.

In yaro ya yi rashin ji fa? Uwarsa ta ce in ɗan taɓa shi.

A'a. Ko mari, ko ranƙwashi, ko murɗe kunne, ko barazanar za ki yi. Ƙa'idojin EYFS, wato tsarin gwamnati na reno da koyar da ƙananan yara, sun hana, izinin uwa bai halatta ba, kuma ya shafi duk wanda ke gidan. Wadda ta san ba za ta iya riƙe hannunta ba, don Allah ta nemi wata sana'ar. Waɗannan yaran amana ne.

Turancina bai yi ƙarfi ba, ina tsoron mai duba gida na Ofsted.

Kwantar da hankalinki. Ba jarrabawar nahawu zai yi miki ba. Yana so ya ga za ki iya kiran 999 ki yi bayani, ki karanta umarnin magani, ki rubuta abin da ya faru in yaro ya ji ciwo, ki kuma san wa za ki kira a ƙaramar hukuma in kin ga alamar ana cutar da yaro. Zai tambaye ki yadda za ki koyar da ɗan shekara 2 ta hanyar wasa. Kin yi reno tun kina ƙarama, abin da ya rage shi ne ki karanta kundin EYFS na masu reno a gida ki iya bayyana abin da kike yi. Ƙa'idojin ma sun ƙarfafa a girmama harshen gidan yaro tare da Turanci. Iyaye Musulmi da yawa suna neman gidan da abincinsa halal ne, ki faɗi hakan a tallanki.

Haraji fa?

Ki yi rajista da HMRC, hukumar haraji, a matsayin mai zaman kanta, ki cike fom kafin 31 ga Janairu kowace shekara. Ki adana rasit tun ranar farko.

Mama za ta zo daga gida ta yi mini zaman jego na wata huɗu.

Allah ya kawo ta lafiya. Ki sanar da Ofsted tun kafin ta sauka, don ta zama mazauniyar gidan kuma suna iya neman bincike a kanta. Kada ki bar mata yaran mutane ki fita kanti ko na minti goma, ba ta cikin masu izini, bizar ziyara kuma ba ta yarda ta yi aiki ba. Jaririnki ya cike gurbin ɗan ƙasa da shekara 1, saboda haka ki sake lissafin yaranki ki gaya wa iyaye da wuri.