Dokar hana giya ta jihar Maine: amsoshin tambayoyin da ake ta yi mini

Tambayoyin nan kullum su ke nan ake maimaitawa. Ga amsoshinsu wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Ba a 1920 aka hana giya a Amurka ba?

Wannan ta ƙasa baki ɗaya ce, daga 1920 zuwa 1933. Maine ta riga ta da kusan shekara 70. Ranar 2 ga Yuni 1851 Gwamna John Hubbard ya sa hannu a dokar.

Musulmi ne suka kawo ta?

A'a. Kiristoci ne, galibinsu Furotesta.

Ina ma Maine ɗin take?

Arewa maso gabashin Amurka, bakin tekun Atlantika, iyaka da Kanada.

Me ya sa a can aka fara?

Teku ne ya jawo. Jiragen ruwan Portland, birnin bakin teku a jihar, kan kai katako da kifi tsibiran Karibiyan, su dawo da giyar rake da ake kira ram, da baƙin ruwan rake mai kauri da ake dafa ta da shi. Ta yi arha, ta shiga ko'ina. Da ƙarfe 11 na safe da 4 na yamma ana kaɗa ƙararrawa, leburori su ajiye aiki su sha. Masu cewa tsattsauran ra'ayi ne kawai ya haifi dokar, ku ji tsoron Allah. Ladan aiki ne ke ƙarewa a mashaya, mata da yara suna kwana da yunwa. Abin da Neal Dow ya gani ke nan, ɗan majemi da ya zama magajin garin Portland a 1851, kuma shi ya tsaya kai da fata sai da dokar ta tabbata.

Wanda yake buƙatar barasa don magani ko sana'a fa, yaya yake yi?

Nan ne maganar take da sarƙaƙiya, a bi ni a hankali. Dokar ba ta kama mutum don ya sha ba, yin giya da sayar da ita ta hana. Ta kuma bar ƙofa: don magani da ayyukan masana'antu, gari yana iya naɗa wakili ya riƙa sayarwa. A takarda ke nan. A aikace ya danganta da garin da kake da kuma halin wakilin, wani ya tsananta, wani ya kau da kai. Mai kuɗi kuma yana iya sa a kawo masa daga wata jiha, talaka sai ɗakunan ɓoye. Ƙofar nan ce ta jawo wa Dow kansa masifa. A 1855 aka ajiye barasar magani ta dala 1,600 a ginin majalisar birnin Portland, jita-jita ta bazu cewa mai hana mutane sha ya tara tasa. Ranar 2 ga Yuni jama'a suka taru, da yawansu baƙi 'yan ƙasar Ayalan da suke ganin da su dokar take, aka fara jifa. Dow, da yake shi ne magajin gari a lokacin, ya ba da umarnin harbi. Mutum ɗaya ya mutu, bakwai suka jikkata. Kotu ta wanke shi daga zargin karya dokar, amma ni ban ga abin da zai wanke umarnin harbin ba. A 1856 aka soke dokar.

Shi ke nan ta mutu?

Haba. Ta dawo a 1858, a 1884 kuma jama'a suka kaɗa ƙuri'a aka sa ta cikin kundin tsarin mulkin jihar.

To ta yi aiki?

Kada ku damu in kun rasa amsa guda, masana ma sun sha bamban. Mashaya ta fili ta ragu ƙwarai, musamman a ƙauyuka. Amma gaɓar Maine cike take da tsibirai da lunguna, ga Kanada a maƙwabta, don haka 'yan fasa-ƙwauri ba su taɓa rasa hanya ba.

Yanzu fa?

Ana sayarwa. Jihar ta cire haramcin daga kundinta a 1934.