Wai menene "3D" ɗin nan da ake ta faɗa a harkar gini?

Kwanaki baffana ya kira ni a waya, wai yaron da zai zana masa gida ya ce kuɗin filan daban kuɗin 3D daban, shi kuma bai gane me zai biya ba tunda a iya saninsa 3D wani abu ne mai ƙyalli da ake zubawa a ƙasan falo ya fito da hoton ruwa ko furanni. Na ce Baffa ai ku duka kuna da gaskiya, kalmar ce ɗaya amma abu uku mutane suke kira da ita yanzu, shi yasa ake samun ruɗani.

Ana furta ta "tiri-di", ukun nan kuma awo uku ne: tsawo, faɗi, da tashi sama. Filan da aka saba zanawa a takarda awo biyu kawai gare shi, kamar ka ɗage rufin gida ka leƙo daga sama, za ka ga ga falo ga ɗaki ga kicin ga banɗaki amma duk layuka ne da lambobi, wanda ba aikinsa ba sai dai ya gyaɗa kai kawai. To idan aka ƙara awo na ukun sai gidan ya miƙe tsaye a cikin kwamfuta, ka ga katanga, ka ga tagogi, ka ga kalar fenti da kwanon rufi, har a zagaya da kai ciki kamar bidiyo alhali ko bulo ɗaya ba a ajiye a filin ba. Wannan ita ce ma'anar da masu zane suke nufi, da manhajoji irin su SketchUp da Revit da ArchiCAD suke yinsa, wasu su ƙarasa da Lumion don hoton ya yi kyau.

Ni dai a ganina wannan abu ya kawo sauƙi babba, musamman ga mutanenmu da a da sai gini ya kai linta sannan maigida zai zo ya ce a'a ba nan nake son ƙofar ba, a fasa, ga asarar siminti ga ɓacin rai tsakaninsa da birkila. Yanzu a waya za a gyara kafin a haƙa fandisho. Kuma akwai abubuwan da ya kamata ka nemi a nuna maka tunda manhajar tana iyawa, ba wai ka tsaya kallon motar da aka ajiye a ƙofar gidan da ciyayi kore shar ba. Ka ce a tsayar da kai a falon baƙi ka gani ko ana hango cikin gida idan an buɗe ƙofa, saboda aikin da zaure yake yi kenan tun kaka da kakanni kuma yawancin hotunan da ake kwafowa daga Pinterest da Instagram ba su san da wannan ba. Ka ce a nuna maka inda rana take bugawa da la'asar, don gilashi ƙato da yake kallon yamma a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40, wallahi ɗakin ba zai zaunu ba sai da na'urar sanyaya ɗaki, ga kuma yadda wuta take. Ka duba banɗaki ina ya fuskanta game da alƙibla. Duk wannan minti kaɗan ne a kwamfuta, waɗanda suke zaune a Saudiyya ko wata ƙasa ana yi musu gini a gida ma ta WhatsApp ake turo musu su gani su ce a canja kaza.

Amma fa nan ne inda nake son a ji ni da kyau. 3D hoto ne, fuskar gida yake nunawa ba ƙashinsa ba. Ba shi ne zai gaya wa mai ɗaurin rodi ko rodi mai kaurin milimita 12 zai sa ko 16 ba, ba shi zai faɗi zurfin fandisho ko kaurin dekin ko yawan siminti a kwaɓi ba, wannan aikin injiniya ne da ya yi lissafin nauyi bayan ya san irin ƙasar wurin. Abin da yake ɗaga min hankali shine ka ga mutum ya biya an yi masa hoto mai kyau na bene, ya miƙa wa magini waya ya ce ga abin da nake so, shikenan an fara aiki babu zanen injiniya, kuma iyalinsa ne za su kwana a ƙarƙashin dekin nan. A Najeriya akwai ARCON da take rajistar masu zanen gine-gine da COREN ta injiniyoyi, kuma hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano cikakken zane suke dubawa kafin su ba da izinin gini, hoto kaɗai ba ya wadatarwa.

Ma'ana ta biyu ita ce wadda Baffa ya sani, ado ne kawai, ko takardar bango mai hoton da yake kamar ya fito waje, ko wancan na ƙasa da ake shimfiɗa hoto a zuba masa ruwan roba ya daskare. Masu kayan ado ne suka ari sunan.

Ta ukun ita ce wadda ake gani a bidiyo mutane suna mamaki, wato injin da yake "buga" gida. Ana saka zanen a kwamfuta, injin ya riƙa bin layi yana fitar da kwaɓin siminti ta wani baki, layi kan layi har katanga ta tashi babu bulo ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ginin rumbu a ƙauye zai gane abin nan take, a ɗora laka a zagaye a bari ta sha iska a ƙara wata, bambancin kawai nan inji ne yake yi kuma ba ya gajiya. A 2019 kamfanin Apis Cor ya buga wa hukumar birnin Dubai wani bene mai tsayin mita 9.5, kuma Dubai ɗin ta sa wa kanta burin kashi 25 cikin 100 na sabbin gine-ginenta su zama na bugawa zuwa 2030. A nan Afirka ma kamfanin 14Trees ya buga makaranta a yankin Salima na ƙasar Malawi a 2021, katangunta cikin awa 18, daga baya suka tafi Kilifi a Kenya suna buga rukunin gidaje.

Sai dai a lura, awa 18 ɗin nan katanga ce kawai. Fandisho da rufi da ƙofofi da wayarin da famfo duk mutane ne suke yi da hannu. Injin yana da tsada, kwaɓinsa na musamman ne ba yashi da siminti da lebura zai juya da shebur ba, kuma yana son wuta tsayayya saboda idan ya tsaya tsakiyar aiki kwaɓin zai iya daskarewa a cikin bututu. Shi yasa ban ga birkilanmu suna rasa aiki saboda shi nan kusa ba, abin da ya fi shafarsu yanzu shine su koyi karanta zane su riƙa bin awo daidai, don maigida ya riga ya ga gidansa a waya kuma da shi zai gwada aikinsu.

Baffa dai ya biya an yi masa, da aka zagaya da shi ciki sai ya ga daga ƙofar falo ana hango har bakin kicin, nan take ya sa aka matsar da ƙofar aka ƙara ɗan soro a gaba. Zanen yana hannun injiniya yanzu yana lissafin rodin dekin, ya ce bayan damina za a fara haƙa.