Na'ura mai aiki da kanta, ilimi, da makomar aikin yi

Na'ura mai aiki da kanta ita ce duk wani inji ko manhajar kwamfuta da ke yin aikin da a da sai mutum ya zauna ya yi da hannunsa ko da ƙwaƙwalwarsa. Tun daga injin niƙa da ya hutar da iyayenmu mata daga dutsen niƙa, zuwa ATM, har zuwa wannan ƙirƙirarriyar basirar (AI, wato manhajar da ke kwaikwayon tunanin ɗan'adam) da ake ta surutu a kanta tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a Nuwamban 2022, duk dangi ɗaya ne. Tsoron ma ba na yau ba ne, don a Ingila tun 1811 masaƙa suka dinga farfasa injinan saƙa ganin za a raba su da abincinsu.

A 2013 wasu masana biyu a Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, sun ƙiyasta cewa kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka na cikin haɗarin komawa hannun na'ura. A 2016 kuma wani bincike na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da akasarinsu suka ci gaba, ya ce kusan kashi 9 ne kawai a ƙasashen da ya duba. Abin da ya kawo wannan tazara shi ne na farkon sana'a ya ƙirga sukutum, na biyun kuma ya rarraba ta ya duba me da me mutum ke yi a cikinta. Kuma gaskiya nan maganar take, inji ɓangaren da ake maimaitawa kullum iri ɗaya yake ɗaukewa, sauran ya bar wa mutum.

Shi ya sa bugun ya fi sauka a kan masu ilimin tsaka-tsaki, akawu, kashiya, mai buga takarda, mai shigar da lissafi. Duk wanda ya san masu tafireta da ke zama a bakin kotu ya ga yadda bizines senta ta cinye su, yanzu ita ma waya tana neman cinye ta. Amma birkila, mai gyaran famfo, mai kitso, nas, su aikinsu kullum da yadda yake zuwa, inji na shan wahalar kwaikwayonsu. Likita da injiniya kuwa na'ura ƙara masu ƙarfi take yi. Sai dai ƙirƙirarriyar basira ta fara taɓa masu digiri ma, fassara, rubuta wasiƙa, zanen fosta, duk tana yi a cikin daƙiƙu ko da yake da kurakurai, musamman a Hausa.

A Kano ba sai an je nesa ba, a leƙa shagon tela kawai ana gab da sallah. Aikin wuyan riga da mai allura zai kwashe kwanaki yana yi, injin kwamfuta zai zuba shi kana tsaye, allurai na ta kai da kawowa zare kala-kala na sauka da kansa, amma fa sai an sami wanda zai zana surar a kwamfuta, ya saita, ya gane abin da allon ke faɗa in zare ya tsinke, kuma a cikin yaran shago wanda ya iya karatu shi ake ɗorawa a kai, wanda bai iya ba yana nan a guga da sa maɓalli. Aikin hannu bai mutu ba, ya koma na manyan riguna masu tsada ne.

Sabbin sana'o'i ma sun fito. Kafin zuwan GSM a 2001 ba a san sana'ar gyaran wayar hannu ba, yau je ka kasuwar waya ta Farm Centre ka ga matasa nawa ke ci da iyalinsu a nan. Haka masu POS, waɗanda suka ƙara yawa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kowane lungu da rumfarsu.

Abin da ke rage saurin lamarin a nan shi ne wuta, tsadar dizal da dala, ga kuma arhar lebura, mai masana'anta zai ga gara ya ɗauki mutum goma da ya sayo inji ɗaya daga Chana. Masana'antun da suka durƙushe a Sharaɗa, Bompai da Challawa rashin wuta da kayan waje masu arha ne suka fi kayar da su, ba mutum-mutumi ba.

Ɓangaren ilimi ne ya fi damuna wallahi. Kwali kaɗai ba ya tsare mutum, mai digiri daga jami'ar BUK ko ta Wudil da bai iya komai a kwamfuta ba yana iya zama a gida, ɗan sakandiren da ya ƙware a haɗa sola yana ta samu. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku kan fasaha, to amma shi ma sai wanda ya iya karatu da rubutu zai shiga, yaran da ke yawo a titi da 'yan matan da aka cire daga aji ba a ma fara lissafi da su ba. JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma har yanzu ana samun ɗalibin da ranar jarrabawar ce karon farko da ya taɓa maus.