Haɗa (aikatau)

Haɗa aikatau ne a Hausa mai nufin kawo abu biyu ko fiye wuri guda har su taɓa juna, su gauraya, ko su zama ɗaya. Yakan ɗauki karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, sau da yawa kuma "da" na biye da shi: ta haɗa gero da dawa, makaniki ya haɗa injin.

A tsarin rarraba aikatau na Hausa da masanin harshe Parsons ya fitar a 1960, haɗa na cikin aji na ɗaya, karin sautinsa sama-ƙasa. Wasalin ƙarshe dogo ne in wakilin suna ya biyo baya (ya haɗa su), gajere ne in suna ne (ya haɗa kaya), ko da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna wannan. Daga saiwar ake samun haɗe, haɗo da haɗu. "Hadari ya haɗo" na nuna yana tahowa wajen mai magana. Haɗu kuwa na nufin gamuwa, matasa kuma sun faɗaɗa shi zuwa yabo: abincin ya haɗu. Maimaita aikin shi ne harhaɗa. Sunayen da suka tsiro sun ƙunshi haɗi, haɗaka, mahaɗa da mahaɗi.

Inda kalmar ta fi yalwa shi ne wajen sassan jiki. Haɗa kai abin so ne, haɗa baki kuwa galibi makirci ne. Haɗa jini dangantaka, haɗe rai ɓata fuska. "Me ya haɗa ku?" tambaya ce kan musabbabin faɗa, "na haɗa ka da Allah" kuma roƙo ne mai nauyi da ba a furta shi da wasa.

Ya bambanta da tara, wanda ke nufin jibge abubuwa wuri ɗaya ba tare da sun zama ɗaya ba: ana tara kuɗi, ana haɗa magani. A Sakkwato da sassan Nijar, gama ne ke yawan ɗaukar wannan ma'ana, alhali a Kano an fi jin sa da nufin kammalawa.

Kalmar ta gado ce, ba aro ba. Haɗari mai nufin hatsari daga Larabci ya zo, bai da alaƙa da ita. Barin lanƙwasar ɗ kuskure ne da wayoyi suka yawaita, yana kuma sa a rikita ta da hada-hada.