KIF1A

KIF1A ƙwayar gado ce da ke kan kuromosom na 2 a jikin ɗan Adam, a wurin da ake wa lamba 2q37.3. Ita ke ɗauke da umarnin haɗa wani furotin mai sunanta, wanda aikinsa dako ne a cikin tantanin jijiya. Furotin ɗin ɗaya ne daga cikin dangin kinesin, waɗanda ɗan Adam ke da ƙwayoyin gadonsu kusan 45.

Dalilin wannan dako yana cikin siffar tantanin jijiya. Yawancin furotin ana ƙera shi ne a gangar tantanin, kusa da cibiyarsa, alhali inda ake buƙatarsa yana can ƙarshen wani dogon zare da ake kira akzon. Zaren da ya taso daga ƙasan laka ya gangara zuwa yatsan ƙafa kan kai mita guda. Da za a bar kaya su bazu da kansu a wannan tazara, da sai a shafe shekaru ba su isa ba. Shi ya sa tantanin ya shimfiɗa siraran bututu, maikurotubul, tamkar layin dogo. Kinesin na bin su zuwa ƙarshen akzon, wani furotin mai suna dainin kuma na dawo da kaya baya.

A 1985 Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano kinesin na farko a jijiyar sikwid, wata dabbar teku. A 1991 aka bayyana takwarar KIF1A a ƙaramar tsutsar C. elegans, aka san ta da unc-104. Tsutsar da ta rasa ta da ƙyar take motsi. Ɗakin binciken Nobutaka Hirokawa a Jami'ar Tokiyo ne ya fayyace aikin KIF1A a ɓera a 1995, kuma a 1998 suka nuna cewa mafi yawan ɓerayen da aka cire wa ita ba sa wuce kwana guda bayan haihuwa.

Furotin ɗin yana da kai da jela. Kan shi ne injin: yana riƙe bututun, yana ƙona ATP, sinadarin da ke zama makamashin tantani, kowace ƙwayar ATP ɗaya ta ba shi taku ɗaya na nanomita 8 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Jelar kuma tana maƙale wa fatar 'yan jakunkunan da ke ɗauke da kayan gina mahaɗar jijiyoyi, wato inda tantani ke miƙa saƙo ga na gaba. In ba kaya, furotin ɗin naɗewa yake ya kwanta. Da kaya ya samu, sai biyu su haɗu su riƙa takawa da kawunansu biyu tamkar ƙafa bayan ƙafa, da gudun da ya haura maikuromita guda, wato nanomita dubu, a daƙiƙa. Abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa shi ne wani lanƙwaso mai yawan laisin (ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su) a kan nasa, wanda ke manne da bututun ko da ƙafar ta ɗaga, don haka yakan yi doguwar tafiya bai suɓuce ba.

A 2011 aka fara danganta KIF1A da cuta a jikin mutum: wani nau'in sandarewar ƙafafu na gado, SPG30, da kuma lalacewar jijiyoyin ji a gaɓoɓi. A waɗannan iyalai yaro ya gaji kwafi biyu masu tangarɗa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Daga baya aka ga cewa mafi yawan masu tsananin ciwon kwafi ɗaya ne kawai ya lalace, kuma sabon sauyi ne da babu shi a jikin iyaye. Yanzu duka ana tara su ƙarƙashin suna ɗaya, KAND, wato ciwon jijiya mai alaƙa da KIF1A. Alamominta sun haɗa da jinkirin zama da tafiya da magana, sandarewar ƙafafu, farfaɗiya, shanyewar jijiyar gani, da ƙanƙancewar ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. Sau da yawa akan fara ɗaukar yaron a matsayin mai shanyewar ƙwaƙwalwa ta haihuwa, sai da ciwon ya ci gaba da ƙaruwa a yi gwajin ƙwayoyin gado.

Yadda kwafi ɗaya ke yin wannan ɓarna abin lura ne. Tunda biyu-biyu suke tafiya, gurgun furotin na iya haɗuwa da lafiyayye ya hana shi gaba. Wasu sauye-sauyen sukan sa kan furotin ɗin ya ƙanƙame bututun ya ƙi saki, wasu su raunana riƙon, wasu kuma, abin mamaki, su sa injin ya wuce gona da iri, kaya su taru inda bai kamata ba. Mafi yawan sauye-sauyen a ɓangaren kai na furotin ɗin suke faɗawa.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da KAND. Abin da ake yi shi ne rage farfaɗiya da sandarewa, da gashin ƙashi, da kula da ido. A 2024 mujallar Nature Medicine ta wallafa rahoton wata yarinya a Amurka da aka riƙa yi wa allura a ruwan laka da wani gajeren zaren gado da aka ƙera domin ta ita kaɗai, don ya toshe kwafin da ya lalace ya bar mai lafiyar. Faɗuwar da take yawan yi ta ragu, kodayake sakamakon mutum ɗaya ne.