Ofiyoid: kalmar da ake ta fassarawa da "miyagun ƙwayoyi"

Kwanan nan duk labarin da ya taɓo lafiyar sojojin Amurka sai ka ji kalmar ofiyoid, kuma kusan kullum mai karanta labarai zai ce "wato miyagun ƙwayoyi". Wannan fassara tana ci mini tuwo a ƙwarya. Allurar da ake tsira wa sojan da nakiya ta tsinke wa ƙafa, ina muguntarta?

Ofiyoid suna ne na dangin magungunan kashe raɗaɗi masu aiki a ƙwaƙwalwa irin aikin ofiyom, wato ƙaron da ake tatsa daga wani tsiro mai suna "poppy": mofin da kodin daga tsiron ake samunsu, tiramadol da fentanil kuwa haɗa su ake yi. Mofin ne kakansu. Wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya tace shi daga ofiyom a farkon shekarun 1800, ya raɗa masa suna daga Morpheus, abin bautar mafarki na Girkawan da. Ka ga tun ranar suna an san yana sa barci da lumshe ido. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 an yi ta ɗura wa masu rauni shi da ofiyom, wasu suka koma gida raunin ya warke amma sun kasa rabuwa da maganin, har daga baya aka riƙa ce wa abin "ciwon soja". Tarihi ya maimaita kansa lokacin yaƙin Afganistan da Iraƙi: daga 2001 zuwa 2009 takardun maganin ciwo da likitocin sojan Amurka ke rubutawa sun ninka sau huɗu, suka kusa kai miliyan 3.8.

Abu uku ake cakuɗawa. Wanda ya yi makonni yana sha bisa umarnin likita, jikinsa zai saba. In aka yanke masa farat ɗaya sai gumi, zawo da ciwon gaɓoɓi. Wannan dogaro ne, ba laifinsa ba. Wanda ya ƙara ƙwaya biyu kan ɗaya, ko ya karɓi ragowar na abokinsa a bariki don kada a ce ciwon baya ya hana shi atisaye, ya saɓa ƙa'ida. Jaraba kuma ita ce mutum ya ga abin yana rusa shi amma ya kasa bari.

Rigakafin ma a kan wannan bambanci ya tsaya. Tun 2013 ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta ɓullo da shirin rage rubuta ofiyoid, da guje wa haɗa shi da magungunan barci, domin haɗin na iya tsayar da numfashi. Ana kuma raba naloksan, mai farfaɗo da wanda ya sha fiye da kima. Amma sojan da ya san za a kira shi ɗan ƙwaya a gaban kwamandansa ba zai je asibiti a rage masa sannu a hankali ba. Waje zai nema, inda ƙwayar jabu mai fentanil ke jiransa, shi kuwa fentanil ƙarfinsa ya ninka na mofin sau 50 zuwa 100.